Takin shanun madara: nawa ya kamata gonar masara ta samu?

Mai Turke, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina da shanun madara shida da nake ciyarwa a turke da ƙulin gurya da harawa, kuma shekara uku ke nan duk kashinsu a gonar bayan gidana nake jibge shi, wadda ba ta wuce kwata ɗaya na hekta ba. Bara dawar da na shuka a wurin ta yi tsawo, ganyenta ya yi kore shar, amma da iskar watan Satumba ta taso sai rabinta ya kwanta. Gonata ta nesa kuwa, inda nake shuka masara, ganyen ƙasa yana yin ɗorawa tun kafin ta yi goyo. Ina roƙon masana su nuna mini yadda zan raba takin nan, kuma ko zai iya ɗauke mini sayen yuriya.

Malamin Gona, Marwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Gonakinka biyu abu ɗaya ne ke damunsu, wato naitirojin, sinadarin da ke sa shuka girma da koren ganye: ya yi wa ɗaya yawa har kara ya yi laushi ya kasa tsayuwa, ɗayar kuma tana yunwarsa. Masara tana jan kimanin kilo 20 zuwa 25 na naitirojin kafin ta ba da tan ɗaya na ƙwaya, wato buhu goma. Busasshen kashin shanu kuwa naitirojin ɗinsa bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, kuma ba duka yake sakar wa shuka a daminar farko ba, domin sai ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa sun ruɓar da shi sannu a hankali. Abin da ake samu a shekarar farko yakan tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Saboda haka tan biyu na taki zai iya ba masararka kilo shida ko bakwai kacal a bana, alhali rabin buhun yuriya mai kilo 50, wadda naitirojin ɗinta kashi 46 ne cikin ɗari, yana ɗauke da kilo goma sha ɗaya da rabi.

Shawarata ita ce ka kwashe takin zuwa gonar nesa, ka baza shi a turbuɗe shi da garma kafin shuka, sa'an nan ka cike giɓin da yuriya idan masara ta kai gwiwa. Kada ka ce sai ka biya dukan bukatar naitirojin da taki kaɗai, domin kafin ka kai ga haka ka tara wa ƙasa fosfaras, wani sinadarin abincin shuka da ke cikin takin, fiye da abin da shuka za ta iya ci. Gonar bayan gida kuma ka hutar da ita daga taki na shekara biyu, abin da ke kwance a cikinta ya ishe ta.

Bafulatanar Ngaundere:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai akwai asarar da ke aukuwa tun taki bai bar turke ba. Kusan rabin naitirojin da saniya ke fitarwa a fitsari yake, musamman wadda ake ba ƙulin gurya. Wannan warin da ke yi wa mutum yaji a hanci idan ya shiga turke da hantsi, naitirojin ne yake tashi ya bi iska. Mu a nan muna shimfiɗa karan masara da ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin shanu don su tsotse fitsarin, muna kwashewa mu zuba a rami a inuwa, mu rufe da ciyawa. Ranar watan Maris da Afrilu ta Garwa ba ta raga wa tsibin takin da aka bari a fili. Kuma a bari ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki mai yawan kara yakan riƙe naitirojin na wasu makonni maimakon ya sake shi, ga irin ciyawa da yake kawowa gona.

Mai Turke, Garwa:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Abin da ya sa nake zubawa kusa shi ne kuɗin amalanke, domin gonar nesa tafiyar sa'a guda ce. Akwai kuma rijiya a gefen tsibin takin, ko wannan yana da illa?

Malamin Gona, Marwa:
Yana da ita, Alhaji, musamman idan ƙasar jigawa ce. Ruwan watan Agusta yana wanke naitirojin da shuka ba ta ci ba ya gangara da shi cikin ƙasa, kuma ruwan rijiyar da ya tara shi yana da haɗari ga jarirai, ban da ƙwayoyin cuta da ke cikin ɗanyen kashi. Ka matsar da takin nesa da rijiyar, ta ƙasan gangare, yadda ruwansa ba zai gangaro mata ba. Batun amalanke kuwa, ka raba gonar nesa gida uku, kowace shekara ka zuba wa kashi ɗaya, ka shuka masara a inda aka zuba, gyaɗa ko wake kuma a sauran, tun da su suna samar wa kansu naitirojin daga iska ta hanyar ƙulluttukan saiwarsu.