Neman kalma: RES na makunnin man babur, da allurar da ke tsakanin F da E

Ɗan Taura: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis da safe za mu ɗauki shirin rediyo na minti 15 don 'yan acaba da manoman da ke cin kasuwannin ƙauye a kan babur, kuma dole rubutun ya kammala daren Laraba. Abu biyu ne suka cije. Na farko RES ɗin nan da ke jikin makunnin mai, kusa da ON da OFF. Na biyu allurar da ke nuna yawan mai, tsakanin F (tanki cike) da E (mai ya ƙare). Kalmar da kunne zai kama nake so, tunda mai sauraro ba ya ganin rubutu. A taimaka don Allah.

Ɗan Acaba Gujungu: Wa alaikumus salam. Rizab da geji, shi ke nan. Daga Gujungu har Maigatari babu wanda za ka ce wa ka shiga rizab ya tambaye ka me kake nufi.

Hajiya Ta-Gumel: Man ko-ta-kwana. Muna da kalmar tun tuni, kuma ma'anar ta zauna daram. Ita kuwa allura, ma'aunin mai.

Oga Bakanike Ringim: Kafin a raɗa suna a san yaron tukuna. Tanki ɗaya ne, man ma ɗaya ne. Idan ka kwance makunnin daga gindin tanki za ka ga bututu biyu sun shiga ciki, dogo da gajere, da 'yar raga a kansu. In ka sa ON, mai na bi ta dogon. Da zarar ya sauka ƙasa da bakin dogon sai ya yanke, alhali akwai saura a ƙasa. In ka murɗa zuwa RES ka buɗe wa gajeren hanya ke nan, sai ya zuƙo wannan sauran. A baburan da tankinsu ke cin lita 10 zuwa 12, irin su Boxer, sauran kan kama wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu da ɗoriya. Duk sunan da zai sa mutum ya ɗauka akwai wani ƙaramin tanki a ɓoye, a bar shi.

Malam Na-Kazaure: Ni abin da ke damuna shi ne saurin da muke yi wajen miƙa wuya. An ce a kawo Hausa, amsar farko rizab da geji! To ina Hausar? Shawarata: rumbun mai. Bahaushe ya san rumbu, ya san ba a buɗe shi sai hatsin gida ya ƙare. Allurar kuma magwajin mai, daga gwada, kamar yadda muka sami mabuɗi daga buɗe da madubi daga duba. Tsarin harshen ya ba mu hanya, mu ne muka ƙi bi.

Oga Bakanike Ringim: Allah ya gafarta Malam, rumbu shi ne ainihin abin da na ce a guje wa. Rumbu daban yake da ɗaki. Mai wannan fahimta shi ne zai cika tanki ya bar makunni a RES, yana ganin ai akwai ajiya a gefe. Gajeren bututu kuwa zai shanye man tas tun daga sama har ƙasa ba tare da gargaɗi ba, kuma ranar da injin ya mutu babu sauran inda za a murɗa. Wannan ne kuskuren da ya fi sa mutane tura babur a daji. Don haka ɗan'uwa na Taura, ko wace kalma ka ɗauka, ka maimaita musu sau biyu: an sha mai, a mayar da makunni ON tun kafin a bar gidan man.

Malam Na-Kazaure: Wannan matsalar bayani ce, ba ta kalma ba. Mintin farko na shirin ya isa a ce rumbun yana cikin tankin.

Hajiya Ta-Gumel: Malam, kalmar da sai an bi ta da gyara a minti na farko ta riga ta faɗi. Kuma magwaji ya fi karkata ga abin da mutum ke ɗauka ya gwada wani abu da shi. Ma'auni ya fi.

Bahaɗeje: Ma'auni ma ina da ja a kai, Hajiya. Wanda ya ji ma'auni zai tuna sikeli da mudu, abin da ake yarda da shi a ciniki. Allurar nan kintace take yi. A cikin tanki akwai wani abu mara nauyi da ke yawo a saman mai, an ɗaure shi a bakin siririn ƙarfe. In mai ya sauka, ƙarfen ya sauka, ɗaya bakin nasa yana goga wani faifai da ke ƙara ko rage wutar da ke zuwa agogon da allurar ke ciki. Tsayin mai yake gani, ba yawansa ba. Tankin babur kuwa ba akwati ba ne: sama faɗi, ƙasa ya rabe biyu ya hau ƙarfen firam. Shi ya sa allura ke daɗewa a wajen F, in ta wuce rabi sai ta zube da sauri. Rabi a agogo ba rabin tanki ba ne, yawanci bai kai ba. Ga kuma gangara da tudu da jingine babur a ƙafar gefe, kowanne na sauya abin da take nunawa. A karanta ta a shimfiɗaɗɗen wuri, babur a miƙe, bayan an ba ta ɗan lokaci ta natsu. Mai yawon nan mu a Haɗejiya da gora za mu kira shi, irin na masunta.

Oga Bakanike Ringim: Fulot muke ce masa a gareji. In ya huje ya sha mai, sai ya nutse, allura ta kwanta a E ko da tanki fal yake. In faifan ya cinye a tsakiya, ka ga tana tsalle. In wayar da ke haɗe da jikin firam ta yi tsatsa ko soket ya saki, ta tsaya wuri guda ko ta mutu gaba ɗaya. A fara da duba waya da soket kafin a sayi sabo.

Malam Na-Kazaure: Fulot! Ga gora an ba ku a hannu kuna cewa fulot. Haka muka yi har yaranmu ba sa iya haɗa jimla guda ba Turanci. Gidan rediyo makaranta ce. Abin da aka faɗa a can shi ke zama daidai a kunnen jama'a. In masu shiri sun koma bin bakin tasha, ina amfanin sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Zariya?

Ɗan Acaba Gujungu: Baba, da girmanka, bakin tashar nan shi ke hawa babur ɗin. Fetur, tanki, birki, fulogi, kafireta, wanne ne kakanninmu suka haifa? Geji ma ya daɗe da zama ɗan gida, har cewa ake abu ya wuce geji. Kullum sai a zauna a ofis a ƙera mana kalma, a ce tamu ta jahilai ce.

Malam Na-Kazaure: Ban ce da kowa jahili ba, ɗana. Cewa na yi aro na da iyaka. Fetur ba mu da shi ne muka ara. Tanadi kuwa mun san shi tun kafin a ƙera babur.

Bahaɗeje: Kuma ko an ƙera, ta Kano ake ɗauka a ce ita ce daidaitacciya. Gora ba zai shiga ba don daga gabas ya fito.

Hajiya Ta-Gumel: Yanzu kuma mun koma Kano da Haɗejiya? Bawan Allah na da shiri jibi.

Ɗan Taura: Na gode Hajiya. Oga, tambaya ɗaya da za a yi mana a waya tabbas: rizab ɗin kilomita nawa yake kaiwa?

Oga Bakanike Ringim: Kada ka ba su lamba guda, kowa ya auna nasa. Hanya mafi sauƙi: a bi ON har injin ya fara cijewa, a murɗa RES, a shiga gidan mai mafi kusa a cika fal. A cire litar da ta shiga daga abin da tankin ke ci, abin da ya rage shi ne rizab ɗinka, kusan-kusan. Mai son ƙididdiga sosai ya yi a gida: injin a sanyaye, a fili, nesa da murhu da sigari. A sa OFF, a zare tiyo daga kafireta a zura a jarka, a sa ON har ya daina zuba, sannan a sa RES a tara a robar da aka san litarta. Sai a ninka da kilomitar da babur ke yi a lita ɗaya. Ƙaramin inji mai lafiya kan yi kilomita 40 ko fiye a lita a kan kwalta, amma da buhu biyu a baya cikin yashi lissafin ya ragu sosai. Lita biyu a irin wannan hanya kada a ɗora mata fiye da kilomita 50.

Wani abin da za a faɗa: ruwa ya fi fetur nauyi, gindin tanki yake kwanciya tare da tsatsa da ƙasa, musamman da damina da kuma man bumburutu da ya kwana a jarka. Gajeren bututu daga nan yake sha. Shi ya sa wani babur ke tafiya lafiya a ON, ana sa RES ya fara tari. Magani a kwance makunni a wanke raga, a sassauta sukurun da ke ƙasan kafireta a zubar da abin da ya taru, kuma lokaci-lokaci a yi 'yar tafiya a RES da tanki cike don kada hanyar ta toshe, sannan a dawo ON. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa lita ɗaya-biyu suke sha, kullum a RES suke, ka ga ba su da gargaɗi ke nan kwata-kwata. In ma RES ta yanke, a kwantar da babur ta ɓangaren makunni, man da ya maƙale a ɗaya gefen zai gangaro, ya ƙara ɗan taƙi. In kuma ya mutu alhali akwai mai, a buɗe murfin tanki. In aka ji iska ta shiga kuma ya tashi, ƙofar numfashin murfin ce ta toshe.

Hajiya Ta-Gumel: To ai bayanin Oga ya ƙara wa ko-ta-kwana ƙarfi. Ba ta ce wani wuri ne daban ba, lokacin amfani kawai ta faɗa.

Ɗan Acaba Gujungu: Ta yi tsawo. Ana gudu mashin na cijewa wa zai ce sa ko-ta-kwana?

Ɗan Taura: Ga abin da zan yi. Farkon ambato zan ce rizab, wato man ko-ta-kwana da ke gindin tanki, daga nan in ci gaba da rizab. Allura kuma geji, tare da bayanin Bahaɗeje cewa kintace take yi. Mai yawo a saman mai zan siffanta shi kawai, ba suna.

Bahaɗeje: Gora dai ya fi, amma shirinka ne.

Malam Na-Kazaure: Ban gamsu ba. Aƙalla ka sa Hausar a gaba, aron ya biyo baya: man ko-ta-kwana, wanda ake kira rizab. Rumbu na janye saboda maganar bututun nan. Magwaji kuwa ban janye ba.

Ɗan Taura: Na karɓi wannan jerin, Malam. Oga, roba-roba fa, su ma suna da RES? Kada in faɗi abin da za a kira a ƙaryata.

Oga Bakanike Ringim: Da yawansu babu, tanki na ƙarƙashin kujera, wajen lita huɗu, geji kaɗai gare su. Ka ware su a bayaninka, ka ce masu irin wannan su sha mai tun allura na kwata.