Tambaya a kan haikalin Dutsen Camundi da ke Indiya

Baban Sadiƙ, Jos:
Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a birnin Maisuru, cikin jihar Karnataka a kudancin Indiya, ya turo mini hotunan wani dutse mai suna Camundi, inda jama'a ke hawa matakala zuwa wani haikali da ke ƙololuwarsa. Ina roƙon masu sani su bayyana mana wadda ake bauta wa a wurin, da dalilin da ya sa mutane suke shan wahalar hawa da ƙafa alhali ga titin mota a gefe.

Malamin Tarihi, Unguwar Rogo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mabiya addinin Hindu suna kiranta Camundeshwari, kuma a wurinsu ɗaya ce daga siffofin Durga, wata babbar abar bautarsu. A labarin da suke bayarwa, wani dodo mai siffar ɓauna, Mahishasura, ya roƙi Barahama, ɗaya daga manyan ababen bautarsu, alfarmar kada wani namiji ya iya kashe shi, bai sa mace a lissafi ba saboda raini. Da zaluncinsa ya kai intaha, sai ababen bautarsu suka haɗa ƙarfinsu suka fitar da mace, kowannensu ya miƙa mata makaminsa, ta hau zaki ta yaƙe shi kwana 9, ta kashe shi a na 10. Mutanen garin sun yi imani a kan wannan dutse aka yi gumurzun, shi ya sa har yau akwai mutum-mutumin dodon a sama, da takobi a hannu ɗaya da maciji a ɗayan, kuma sunan birnin ma daga nasa aka samo shi.

A ganina, sarauta ce ta ɗaukaka wurin fiye da labarin. Sarakunan gidan Wodeya, waɗanda suka mulki Maisuru, sun ɗauke ta a matsayin mai tsaron gidansu, ɗaya daga cikinsu ya sa aka sassaƙa matakalar a ƙarni na 17, wani kuma ya gina hasumiyar ƙofa mai hawa 7 a 1827. Wanda ya san labarin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala ba zai yi mamakin yadda dutse da bauta da mulki suke haɗuwa wuri guda ba.

Maman Hanifa, Bukur:
Alhaji, batun hawa da ƙafa zan ɗan taɓa, domin na ga wurin da idona lokacin da na raka 'yar uwata jinya Bangalor, babban birnin jihar. Matakalar ta kai 1,000, kuma hawan shi kansa ibada ne a wurinsu, yawanci domin cika alwashin da mutum ya yi a kan haihuwa ko aure ko lafiya. Na ga mata suna sunkuyawa a kan kowace matakala suna shafa mata kurkur da wani jan gari, har bakin duwatsun ya rine. Bayan an wuce rabin hanya akwai gunkin wani bijimi mai suna Nandi, wanda aka sassaƙa daga dutse guda, tsayinsa ya kusa mita 5. A bakin haikalin ana sayar da kwakwa da furanni, kuma ba a shiga da takalmi.

Baban Sadiƙ, Jos:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Yaron ya ce ana cika sosai a wani lokaci na shekara. Wane lokaci ne?

Malamin Tarihi, Unguwar Rogo:
Lokuta biyu ne, Alhaji. Na farko shi ne ranakun Juma'a na watansu na Ashada, wanda ke faɗawa tsakanin Yuni da Yuli. Na biyu, wanda ya fi girma, bikin Dasara ne na kwana 10 a Satumba ko Oktoba, na tunawa da wancan yaƙi. A ranar ƙarshe ana ɗora gunkinta a kan giwa, cikin wata karagar zinariya mai nauyin kusan kilo 750, a fito da ita daga fadar Maisuru da dawakai da makaɗa, a ratsa gari zuwa filin Bannimantap. Gwamnatin jihar ce ke shirya bikin yanzu, ko da yake zuriyar sarakunan suna nan suna yin nasu a cikin fada.