Jami'in kwastam ko ɗan fasa-ƙwauri, wa za a tausaya ma?

Ɗan Mabera: Salam 'yan uwa, ina rubuta nobel kan bodar Illela, jarumina jami'in kwastam ne amma ƙanen shi na shigo da shinkafa daga Kwanni bisa mashin cikin dare, to wa mai karatu zai bi?

'Yar Gwadabawa: Wallahi ƙanen. Ka tuna rufe boda na 2019, buhu ya yi tsada, samari suka koma bin daji da jarkokin fetur.

Dattijo: Ɗana kar ka maida jami'in mugu, shi ma rantsuwa ya yi. Sa uwarsu tsakiya, ta dafa shinkafar nan yana ci alhali ya san inda ta hito.

Ɗan Mabera: Awo Baba, wagga nika nema, Allah ya saka.