Keken jariri da keken guragu a bas ɗin Birtaniya

Idan mai keken guragu zai shiga bas ya tarar da keken jariri a filin da aka keɓe wa keken guragu, wa ya kamata ya kauce? Iyayen da suka tattauna batun sun fi karkata ga abu guda: filin nan na cikin bas na mai keken guragu ne, keken jariri aro yake yi. A 2017, a shari'ar Doug Paulley, wani mai amfani da keken guragu, da kamfanin bas na FirstGroup, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce roƙo kaɗai bai isa ba, sai direba ya matsa wa wanda ya ƙi kaucewa babu dalili.

Shawarar iyayen ga uwa mai keken jariri: ki sayi keken da ake naɗewa da hannu ɗaya, kada ki cika ƙasansa da cefane, ki riƙa tafiya da zanen goyo. Ko jariri na barci, ki ɗauke shi a kafaɗa, wani fasinja ya kama miki kaya. Ni ma na goyi bayansu, domin mai keken guragu ba shi da wani wurin zama a motar.