Neman kalma: me za mu ce wa "kafston furojet"?

Maman Fadila: Salamu alaikum malamai. Ranar Alhamis zan yi wa masu unguwanni bayani a Tudun Wada, nan Zariya, kuma takardar da aka ba ni in fassara ta tsaya min a kalma ɗaya: kafston furojet. Aiki ne na ƙarshe da ɗaliban digiri na biyu a fannin kula da walwalar jama'a ke yi a jami'o'in Amurka, wasu wuraren a madadin kundi. Ɗalibi ya zauna da wata ƙungiya ko unguwa, su gano matsala tare, ya auna ko wani shiri yana aiki, ya miƙa musu sakamakon su ci gaba da amfani da shi. Can dama sai ɗalibi ya yi aƙalla awa 900 yana aiki a fili kafin a ba shi digirin. Gobe da yamma zan kai a buga.

Abu Samaru: Kundin kammala karatu mana.

Maman Fadila: Kundi yana ƙarewa a kantar laburare, Malam Abu. Wannan a unguwa yake zama. In na ce kundi, mai unguwa zai ɗauka irin yaran nan ne masu raba takardar tambayoyi su ɓace.

Ɗan Kwarbai: Asalin kalmar dutsen da ake ɗorawa a saman gini ne in an gama. Mu kuwa muna da zanko. Zankon karatu! Garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim, ba ma rasa kalmar gini ba.

Gwaggo Malama: Ɗana, zanko ado ne. Kuma rabin masu sauraro zakara za su tuna.

Ɗan Kwarbai: Ado kuma, Gwaggo? Ba a ɗora zanko sai soro ya kammala. Ku maimaita sau uku ku ji daɗinsa: zankon karatu.

Abu Samaru: To aikin gayya fa? Tunda da jama'a ake yi.

Gwaggo Malama: Gayya yini guda ce, a ci fura a watse. Wannan watanni yake ɗauka, kuma mutum ɗaya ake ba maki. Ni da "aikin sauka" na ce. Kowa ya san sauka, kuma ya san ba a ɓoye ake yin ta ba, gaban jama'a ake yi.

Alaramma Tudun Jukun: A'a Hajiya, a bar wa allo saukarsa. Kafin wani ya kawo cikamaki, shi ma a bar shi inda muka san shi.

Baƙon Kano: Ku dai ku ce furojet ku huta, haka ɗaliban ke faɗa. Kuma ƙirƙirar kalma a bar wa masu daidaitacciyar Hausa. Mutanen da ke cewa "mace ne" za su raɗa wa ilimi suna?

Ɗan Kwarbai: Kai Bakano! A ina aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939? A Kurmi?

Baƙon Kano: An buga a Zariya, amma da Hausar wa?

Ɗan Kwarbai: Jami'armu ta Ahmadu Bello tun 1962 take. Taku ta Bayero reshenmu ce kafin a yaye ta.

Gwaggo Malama: Ku yi wa Allah ku bari, yarinya na da aiki gobe.

Maman Fadila: Na gode Gwaggo. Yanzu na karanta wa Baba duka a waya, shi ma tsohon mai unguwa ne. Zanko ya ba shi dariya, furojet ya ce "na gwamnati ne, nawa za a ba mu?" Wannan kaɗai ya isa in guje shi. Da na ce "aikin kammala karatu a cikin al'umma" sai ya ce, to, yaran za su zauna da mu ke nan. Shi zan sa.

Abu Samaru: Ya yi tsawo, amma ba laifi.

Alaramma Tudun Jukun: Wannan bayani ne, ba suna ba. Sai dai ya fi a taɓa sauka.

Ɗan Kwarbai: Yaya, ko a kan take ki sa zankon, da ƙananan baƙaƙe?

Maman Fadila: Na riga na tura wa mai bugawa.