Gurbin x = 2 ya ƙi bayyana a zanen TI-84 Plus

Assalamu alaikum. Ina son zana Y1=(X²−4)/(X−2) a kalkuleta TI-84 Plus, tsohuwar mai baƙi da fari, ba CE mai launi ba. A lissafi wannan layin y = x + 2 ne, sai dai dole a samu gurbi a (2, 4), tunda raba abu da sifili ba ya yiwuwa. Ita kuwa sai ta ja mini layi ɗoɗar, ko alamar yankewa babu.

Na duba TABLE (teburin ƙimomin X da Y), a X=2 tana rubuta ERROR, wato ta san da matsalar. Da ZStandard, saitin allo na yau da kullum, daga −10 zuwa 10, in na danna TRACE (maɓallin bin layi ɗigo-ɗigo) sai ɗigon ya yi tsalle daga 1.9148936 zuwa 2.1276596, bai taɓa sauka kan 2 ba. Na mayar da MODE daga Connected (haɗa ɗigogi) zuwa Dot (ɗigo-ɗigo), Xres (saitin yawan ɗigogin da take zanawa) kuma 1 ne, duk a banza.

Wani saitin allon, ZDecimal, ya fi dama, don tazararsa 0.1 ce, amma Ymax ɗinsa (iyakar allo ta sama) 3.1 ne, gurbin yana can sama da allo. Da na ɗaga Ymax zuwa 10 sai ya fito, ɗan mitsitsi. Abin haushin, ina faɗaɗa X zuwa ±10 ya sake ɓacewa, ni kuma faɗin nan nake bukata.

Wane Xmin da Xmax (iyakar allo ta hagu da ta dama) zan saka, kusa da −10 da 10, domin ɗigo ɗaya ya faɗa daidai kan x = 2? Na gode.