Abin da muka tattauna a zumunta kan girmama mutane

Jama'a ga ɗan abin da na tattaro daga hirar da muka yi bayan sujada a nan Jos, don waɗanda ba su samu zuwa ba. Mun fara da Farawa 1:27, inda Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, namiji da mace, kuma kowa ya yarda ba a ce Kirista kaɗai ba.

Wata mama daga zumuntar mata ta ce a fara daga gida, yarinyar da ke miki aiki ki kira ta da sunanta, ta ci abin da 'ya'yanki ke ci, ki biya ta a kan lokaci, gaskiya nan ne aka fi daɗewa don da yawanmu muna waƙa a coci ranar Lahadi amma mai aikinmu tana kwana a ƙasan kicin. Wani baba ya kawo Yaƙub 3:9, ya ce bakin da ke yabon Allah bai kamata ya zagi mai keke a Terminus saboda canji ba.

Sai maganar maƙwabta Musulmi, wadda ta fi nauyi tun rikicin 2001 da 2008 da suka raba unguwanni. Shawarar ita ce a koma gaisuwa da zuwa ta'aziyya da barka da Sallah, a daina tura saƙon WhatsApp da ke zagin wata ƙabila. Ni wannan na ƙarshe na fi so matasa su riƙe. An kuma ce masu tallar kayan miya a Farin Gada, a daina matse su wajen ciniki.